Inci Goma Daga Motar Kaka

Shekara talatin Kawu Wendell ya yi yana roƙon Kaka Verna, mahaifiyarsa, ta ba shi tsohuwar motar da ke rumfar bayan gida. Ford ce ƙirar 1930, mai ƙofa biyu da kujera ɗaya. A cikinta mahaifin Kaka ya kwaso iyalinsa daga Oklahoma zuwa nan Oildale shekarar da gonarsu ta bushe, Kaka tana 'yar shekara huɗu, a maƙale tsakanin uwarta da buhun tukwane. Tun kafin a haife ni motar ta daina motsi. Kaji sun yi ƙwai a cikinta, tayoyinta sun kwanta, amma duk ƙarshen wata sai Kaka ta ɗauki tsumma ta je ta goge mata gilashi.

Shekarar da na gama jami'a a Fresno na koma zama wurinta, don ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Kawu ma a gidan yake tun da aurensa ya mutu. Ina jin ciwon ne ya sa ta gaji da nacinsa. Wata safiya muna karyawa ya sake tayar da zancen, sai ta ajiye cokali.

"Ɗauki," in ji ta. "Ɗauki ka gyara, in huta da bakinka."

Ita gyara ta ce. Shi kuwa hotrod yake nufi: a tuɓe wa mota duk abin da ke da nauyi, a rage mata tsawo, a ɗora mata ƙaton inji, kamar yadda samari suke yi a shekarun bayan yaƙin duniya na biyu. Kuma ba don tsere ba. Don allon Dilolin Kogi ne.

Dilolin Kogi ƙungiyar masu irin waɗannan motoci ce, su goma sha ɗaya ne, ƙaraminsu ya haura sittin. Kowace Asabar da safe suna jera motocinsu a filin gidan abincin Zelma, su buɗe kujerun naɗewa su zauna a gefensu, tumbi a gaba, kofi a hannu, suna raina duk motar da ta wuce a titi. Kowannensu yana da ɗan allo na alminiyam mai sunan ƙungiya, rataye da sarƙa biyu a bayan motarsa. Allon ba na sayarwa ba ne. Sau ɗaya a shekara suke ba da shi, Asabar ta farko a watan Mayu, kuma da sharaɗi uku. Kai za ka haɗa motar da hannunka a gidanka. Kada a sami ko noti ɗaya a jikinta da aka ƙera bayan 1957. Sannan kai za ka tuƙa ta a gabansu, ƙofa a rufe.

Shekara da shekaru Kawu yana tsaye a bakin da'irarsu, yana dariyar barkwancinsu tun ba su kai ƙarshe ba. Mutum ne mai ƙafa shida da inci huɗu, wanda ya yi shekara talatin da biyar a rijiyoyin mai, ma'aikata ashirin a ƙarƙashinsa, amma in ya je gabansu sai ya ranƙwafa kamar mai neman aure. Dogo suke ce masa. Ba na jin rabinsu sun san sunansa.

A sati na farko ya cire madigadi huɗu da bonet, ya jingine su da katanga. Ya samo inji mai silinda takwas daga wata motar ɗaukar kaya ta 1948 da ta ruɓe a gonar auduga a Shafter, ya wargaza shi a kan teburin da muke cin abincin Kirsimeti. Ya taɓa tafiyar mil ɗari huɗu saboda wasu notuka masu kusurwa huɗu, alhali irinsu sababbi suna nan cike da kwali a shagon bakin titinmu. Da ya dawo ya zube su a tafin hannu ya nuna mana, jajaye da tsatsa.

"Ku duba," ya ce. "Na asali ne."

"Ni ma ta asali ce," in ji Kaka, "ban ga kana tafiyar mil ɗaya ka sayo mini maganin ƙafa ba."

Na yarda aikin yana da kyau. Hannun Kawu ya san ƙarfe. In yana walda shi kaɗai a gareji ba ka jin ko tari, kuma layin waldarsa kamar ɗinki. Lalacewar tana farawa ne duk ranar da Hoyt Bledsoe ya zo.

Hoyt shi ne shugaban Dilolin. Gajere ne, mai farin gemu da ya tsaya a tsakiyar ƙirji, kuma bai taɓa shigowa gidanmu ya gai da Kaka ba sai da ta yi masa gyaran murya. Ya zo ranar yanka, a watan Oktoba, tare da Dub Rainwater, wani siririn tsoho da aikinsa a duniya shi ne maimaita kalmar Hoyt ta ƙarshe.

Suka turo motar bakin titi. Kawu ya naɗa farin tef a ginshiƙan da ke riƙe da rufi, layi biyu a kowanne, abin da ke tsakani shi za a yanke a zubar, a sauko da rufin a haɗe. Daga nan suka tsallaka titi su uku, suka tsaya a gaban gidan maƙwabta, suka kanne ido ɗaya. Haka ake yi. Ba a auna yanka da komai sai da ido, daga taku ashirin, kuma ba a yarda mutum ya yanke shawara shi kaɗai ba.

"Nawa ka sa, Dogo?"

"Uku, Shugaba."

"Uku?" Hoyt ya tofar da yawu. "Uku ai aski ne. Wa zai gane an taɓa ta?"

"Wa zai gane," in ji Dub.

Kawu ya ruga ya matsar da tef ya dawo. Suka sake kanne ido.

"Huɗu ke nan."

"Huɗu ta masu zuwa coci ce. Tawa biyar ce, kuma har yau ina nadamar ban ƙara ba."

Tasa biyar ce, gaskiya ne. Sai dai Hoyt ko tsaye yake da kyar ya kai kafaɗar Kawu. Kawu ya sa biyar. Suka daɗe suna kallo, Hoyt yana shafa gemu.

"Yanzu ta fara magana," ya ce. "Amma dubi yadda ta ɗare kan shasi kamar akuya kan juji. Sai ka sauke ta."

Sauke bodi wani yankan ne daban. Ana yanke daɓen motar a ɗaga shi sama, sai bodin ya zame ƙasa ya lulluɓe shasin, wato ƙarafan da ke ɗauke da shi, mota ta kusanci ƙasa. Suka yi shawara a kan inci biyar nan ma, don a cewar Hoyt lissafi ya daidaita.

Ina zaune a baranda tare da Kaka muna ɓarar wake. Rufi ya sauko biyar, daɓe ya hau biyar. Wannan lissafin ko ɗan aji biyu zai yi shi. Ba na son magana cikin mutane, amma na daure.

"Kawu, da ka shiga ka zauna tukuna, a auna daga kanka zuwa rufi."

Ban zaci sun ji ba. Hoyt ne ya juyo, ya dube ni kamar yanzu aka kawo ni gidan.

"Wannan ce 'yar bokon taku?"

"Ita ce, Shugaba. Darla. Tarihi ta karanta."

"To 'yan mata, ga tarihi kyauta. Ba a auna mota daga ciki. Wa ke kallon mota daga ciki?"

"Daga ciki," in ji Dub, yana dariya.

Kawu ma ya yi dariyar, har ya fi su. Na mayar da kaina kan wake.

Da hantsi suka fara. Zarton hannu suka yi amfani da shi, don wai na lantarki bai dace da motar ba, ko da yake ban ga yadda ƙarfe zai san bambanci ba. Ƙarar tana shiga haƙori. Da suka gama ginshiƙi na shida, su uku suka ɗaga rufin gaba ɗaya suka ajiye a kan ciyawa, motar ta tsaya babu kai. Kaka ta kalle ta. Ta ci gaba da ɓarar wake, tana jefa ƙwayar a ɓawo, ɓawon a kwano.

"Inna, sai kin ga ta ƙare," in ji Hoyt. "Ba za ki gane ta ba."

"Na riga na daina," ta ce.

Duk sanyin shekarar Kawu a gareji ya yi shi. Ya haɗe rufin, ya yanke gilasai daidai sabon tsawo, ya rage ƙofofi, ya sauke bodi. Ya nemo tayoyi masu farin gefe, na baya manya, na gaba sirara. Ya ɗora kafireta biyu a kan inji, ya bar bututun hayaƙi tsirara babu salansa. Ya shafa baƙin fenti marar sheƙi. A duk wannan lokacin kujerar tana rataye a bango, an lulluɓe ta da leda, don a ƙa'idarsu kujera ita ce ƙarshe. Ko sau ɗaya bai shiga ciki ya zauna ba. In yana aikin ciki, kwanciya yake yi a daɓe, ƙafafu a waje.

Ranar Laraba, saura kwana uku Asabar ɗin Mayu, ya tayar da injin daga waje, ya miƙa hannu ta taga. Kofuna suka yi rawa a kicin. Karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin gida. Muka fito, ni da Kaka da sandarta, kuma ba zan ɓoye ba, motar ta yi kyau. Ta durƙusa kamar kyanwa za ta kama ɓera, gilashin gabanta bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Kawu yana ta zagaya ta, idonsa ya kawo ruwa.

Ya sauko da kujerar, ya saka. Ya goge hannu, ya buɗe ƙofa.

Ya fara tura ƙafar dama. Gwiwarsa ta bugi sitiyari. Ya fito, ya juya, ya fara da ɗuwawu. Ya zauna, amma kansa da kafaɗunsa suna waje. Ya lanƙwashe wuya ya cusa kan, ya jawo ƙafa ɗaya da hannu biyu kamar mai ɗaga itace, ya jawo ɗayar. Gwiwoyinsa suka tsaya daidai kunnuwansa. Tsakiyar rufin irin waɗannan motoci ba ƙarfe ba ne, tamfol ne a kan 'yan katakai da ragar waya, an shafe shi da kwalta. Muna tsaye muka ga tamfol ɗin ya kumbura a gefen direba, ya yi tudu kamar an kife ƙwarya a ƙarƙashinsa.

"Rufe ƙofar mana," in ji Kaka.

"Ina zuwa, Mama."

"Ko in tura maka?"

"Na ce ina zuwa!"

Ƙofar ba ta rufu ba. Gwiwar hagu ta tare ta. Daga cikin mota muryarsa take fitowa a shaƙe, don haɓarsa tana danne a ƙirji.

"Darla, zo ki ga ko akwai abin da ya tokare."

"Kai ne, Kawu."

Kaka ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙugunta. Wata takwas ban ji dariyarta ba. "Wata tara na ɗauke ka," ta ce, "ko a lokacin ka fi haka sakewa."

Fitarsa ta fi shigarsa wuya. Ya faɗo kan siminti da hannu da gwiwa, ya miƙe, ya tsaya yana kallon tudun da kansa ya bari a rufi. Sai na ga ya sa yatsa yana bin gefen tamfol ɗin, inda ƙusoshi suke.

Dariyar Kaka ta ɗauke.

"Kai, Wendell."

"Dubawa kawai nake yi, Mama."

"Duba da ido. Wannan kwaltar babana ya shafa ta da hannunsa. Duk shekara kafin ruwa ya sauko sai ya ɗora ni a kan bonet in riƙe masa gwangwani. A ƙarƙashin wannan tamfol muka yi wata huɗu a bakin gonar mutane, mu biyar. Ka yanke mata wuya, ka yanke mata ƙafa, na yi shiru. Shi kaɗai ya rage wanda ba ka taɓa ba. Ka bar mini shi."

"Ba zan taɓa ba."

"Faɗa da kyau."

"Na rantse ba zan taɓa ba, Mama."

Kwana biyu ya yi yana neman inci. Ya cire kujerar. Ya je shagon masunta ya sayo wani shuɗin soso, irin wanda ake shimfiɗawa a kwale-kwale, kaurinsa bai kai yatsa biyu ba. Ya shimfiɗa shi a daɓe, ya rufe da tsohon bargon soja. Ya cire takalmi. Da haka, in ya karkatar da kai kan kafaɗar dama kamar mai sauraron bango, ƙofa tana rufuwa, kuma yana ganin titi da ido ɗaya da rabi.

Ranar Asabar Kaka ta sa rigarta ta zuwa coci. Ban tambaye ta dalili ba. Na taimaka mata ta shiga ƙaramar motata, muka bi shi a baya. Mil bakwai ne zuwa gidan abincin Zelma. A kowace danja sai motarsa ta yi tsalle kafin ta tsaya, don sai ya zagayo da ƙafa bayan sandar sitiyari kafin ya sami birki. Amma ya isa. Ya shiga filin da ƙara, Dilolin suka miƙe daga kujerunsu, abin da ban taɓa gani sun yi wa kowa ba.

Na faka a gefe inda Kaka za ta iya gani, na sauke mata gilashi.

Kawu ya rarrafo waje, babu takalmi, wuyansa ya ƙi miƙewa. Ba wanda ya tambaye shi lafiya. Suka yi wa motar caa. Wani ya kwanta ya shige ƙarƙashi da tocila. Wani yana karanta lambobin jikin kafireta yana dubawa a wani ɗan littafi da ya yi baƙi da mai. Wani yana bin kan kowane noti da farce. Tsofaffi goma sha ɗaya, wasu da jikoki a jami'a, suna shinshinar ƙarfe.

"Kai, Dogo, wannan yanka ya yanku!"

"Biyar da biyar? Kai mahaukaci ne, mutumina."

"Shugaba ne ya ba da ido," in ji Kawu, kansa a karkace, bakinsa har kunne.

Hoyt ya matso. Ya zagaya sau biyu, hannu a baya. Sannan ya leƙa ciki, ya kama gefen bargon da yatsa biyu ya ɗaga. Shuɗin soson ya bayyana, har da takardar shago manne a jikinsa.

Ya zaro shi ya ɗaga sama, kamar wanda ya tsamo mushe daga rijiya.

"Wannan fa, Dogo?"

"Na zama ne kawai, Shugaba. Ba a jikin mota yake ba."

"A cikin mota na same shi ko a cikin kogi?"

"A mota."

"Wace shekara aka yi shi?"

Kawu ya dubi soson.

"Bana," in ji wani daga baya. Suka fashe da dariya.

"Ka san doka," in ji Hoyt. "Ni ban ƙi ka ba. Aikinka ya fi na rabin waɗannan ragwayen. Amma in na bar soso yau, gobe wani zai zo mini da na'urar sanyaya ɗaki. Ina kujerarta?"

"Tana gida."

"Dub, taka ai irinta ce. Ciro masa."

Dub ya ciro mazaunin kujerar motarsa, mai waya da gashin doki a ciki, kauri kamar katifa. Suka saka a motar Kawu.

"Zagaye uku na filin nan, ƙofa a rufe, allo naka ne," in ji Hoyt. "In ba haka ba, sai Mayu mai zuwa."

"Mai zuwa," in ji Dub.

Kawu ya gwada. Duk abin da muka gani ranar Laraba ya maimaita shi a gaban mutum goma sha ɗaya da masu cin abinci da suka fito da faranti a hannu. Wani ya tura ƙofar da kafaɗa, Kawu ya yi ƙara. Wani ya ce a shafa masa man girki. Wani ya ce a rage masa inci biyar shi ma, zarto yana nan a but ɗin mota. Ya fito jiƙe da gumi, kunnuwansa jajaye.

Hoyt ya ɗora tafin hannu a kan rufin, ya danna tamfol ɗin.

"Ka san a da samari ba sa barin wannan tsumman," ya ce. "Farkewa suke yi su yar. Nauyi ne kawai. Wannan kam doka ba ta hana ba." Ya zaro wuƙar aljihu, ya buɗe, ya miƙa masa ta ƙota.

Kawu ya karɓa. Ya juyo da jikinsa duka, don wuyan ba ya juyuwa, ya kalli inda muke. Tsakaninmu bai fi taku talatin ba. Kaka ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira sunansa ba. Kallonsa kawai take yi, jakarta a kan cinya.

"Kofina yana hucewa, Dogo," in ji Hoyt.

Kwaltar shekara tamanin ba ta yanku da sauƙi ba. Sai da ya sa hannu biyu. Tana tsagewa tana zubo da baƙin gari a kan kujerar Dub. Wani ya kawo filaya aka datse ragar waya. Kawu ya yaye tamfol ɗin gaba ɗaya ya jefar a ƙasa, bai sake duban gefenmu ba. Ya shiga, ya zauna a miƙe, kansa ya fito tsakanin katakai biyu har zuwa haɓa. Ya ware gwiwa, ƙofa ta rufu.

Ya yi zagayensa uku. Baƙar mota tana ruri a ƙasa, a samanta kan mutum mai sanƙo yana tafiya shi kaɗai kamar an ɗora kankana a kan akwati. Dilolin suna tafi, suna fito, suna buga cinya. A zagaye na biyu na ga yana dariya.

Hoyt ya ciro allon daga wata jakar fata. Kafin a rataya, Kawu ya karɓa ya taho da shi wurinmu, babu takalmi, garin kwalta a kafaɗunsa. Ya sunkuyo ta taga.

"Mama, kin gani?"

Ta karɓa. Ta juya shi gaba da baya, ta auna nauyinsa a hannu.

"Shi ke nan?"

"Shi ne, Mama. Mutum goma sha biyu kaɗai ke da shi a duniya."

"Ko murfin tukunya ba zai yi ba," ta ce, ta miƙa masa.

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai suka kira shi, ya juya da sauri.

"Darla," in ji Kaka, "je ki ɗauko mini."

Na san abin da take nufi. Na fita na ratsa ta cikinsu, ba wanda ya lura da ni. Tamfol ɗin yana bayan motar. Dub ya ninka shi biyu ya durƙusa a kai, don kada tsakuwa ta ci masa gwiwa, yana ɗaura sarƙar allon. Na tsaya a kansa. Na shirya abin da zan ce, na sake shiryawa, bakina bai buɗe ba. Sai da ya ɗaure sarƙa ta biyu, ya ja baya ya kanne ido, ya kwance ya sake ɗaurawa, sannan ya dafa taya ya miƙe. Na ɗauka. Ya karye a inda aka ninka shi.

Kaka ta shimfiɗa shi a kan rigarta ta coci, ta dafa da hannu biyu. Na tayar da mota.

Mun kusa gadar kogi sai muka ji rurinsa a bayanmu. Ya fito ya jera da mu, kansa a waje, iska tana kaɗa masa kumatu, idanunsa suna zubar da ruwa. Yana ta ɗaga mana gira, don hannu ba ya fitowa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya taka totur ya wuce gaba, allon yana lilo a bayansa yana bugun kwalta. Mutanen da ke tsaye a tashar bas suka bi shi da kallo, wata mata ta nuna shi da yatsa.

"Rage gudu, 'yar nan," in ji Kaka. "Bar shi ya yi nisa, kada a ce tare muke."